Ina neman shawara: zanen lokacin sanyi da fentin ruwa da tawada ya gagare ni

Ƴar Tawa mai koyon zane:

Assalamu alaikum ƴan uwa masu zane, manya da ƙanana. Ina kwananku, ya ɗari? Na daɗe a wannan zaure ina karanta abin da kuke rubutawa, yau dai buƙata ta sa na buɗe baki.

Yayana yana karatu a Kanada, a birnin Monreyal, shekara ta uku ke nan bai zo gida ba. Da wani abokinsa ya zo hutu sai ya aiko mini da ƙaramin akwatin fentin ruwa, wanda muke ce wa akwarel, mai kala 12 da buroshi uku. Ya san tun ina ƙarama hannuna ba ya rabuwa da fensir. Abu ɗaya ya roƙa: in zana masa lokacin sanyi ya rataya a ɗakinsa. Abokin nan zai koma nan da kwana 20, kuma a hannunsa nake so in ba da.

Na ɗauko wani hoto a waya, gida ne a cikin itatuwa, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Niyyata in fitar da gidan da rassan da tawada, sannan in bi da fenti. Tawadar allo na ɗiba a wurin ƙannena, don baƙinta ya yi mini kyau, kuma alƙalamin kara yana ba da layi mai rai, nan kauri can siriri. Na bar ta tun hantsi har la'asar. Ina ɗora buroshi mai ruwa sai layukan suka narke, sama ta koma kamar ruwan wankin tukunya. Takarda ta farko ke nan.

A ta biyu na fara da fentin. Kafin in kai ƙarshen sama farkonta ya riga ya bushe, sai ga layi-layi kamar an bi da tsintsiya. Na koma da ruwa in gyara, wurin ya yi wani tabo mai lanƙwasasshen baki kamar ganyen kabeji. Ta uku kuwa takardar ce ta kumbura ta yi tudu da kwari, kala ta taru a kwarin. Ƙanƙarar ma na rasa yadda zan yi da ita. Na shafa farin da ke cikin akwatin, ya fito dushi-dushi kamar alli.

Wace tawada ce ruwa ba ya narkarwa? Yaya kuke yi da fenti a cikin wannan iska mai busar da komai kafin ƙiftawar ido? Kuma farin ƙanƙara da me ake yin sa? Don Allah wanda ya sani ya taimaka, ba na so abokin nan ya koma hannu rabbana.

Malamin zane, Yamai:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ɗari kam ya sauka, mu ma nan bakin kogi muna shan sa. Kada ki karaya, abubuwa ukun nan duk wanda ya riƙe akwarel ya gamu da su.

Tawadar ba ta yi miki laifi ba, aikinta ta yi. Baƙin hayaƙi ne ko gawayi aka dama da ƙaro, kuma an yi ta ne don a wanke allo a sake rubutu. Ko shekara ta yi a kan takarda, ranar da ruwa ya taɓa ta ƙaron zai jiƙe ya saki baƙin. Fentin da yayanki ya aiko shi ma haka aka haɗa shi: garin kala ne da ƙaro, irin wanda ake tsinta a jikin dakwara a nan ƙasashenmu na Sahel ake fita da shi Turai. Ƴan gida ɗaya kika haɗa, ruwa kuma yana tayar da su duka biyun.

Ki nemi tawadar Sin, wadda masu kantin littattafai suka sani da ankar-da-Shin. Ita ma baƙin hayaƙi ce, sai dai an sa mata wani danƙo da ake kira gwam-lak, wanda in ya bushe ruwa ba ya motsa shi. Ki duba jikin kwalbar, akwai wadda ba a sa wa danƙon ba. Alƙalaminki na kara zai yi aiki da ita sarai, ki dai wanke shi da kin gama tun ba ta daskare ba. Akwai kuma alƙaluman zane masu siririn baki, irin Sakura Pigma Micron, su ma ba sa narkewa, amma kaurin layinsu ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ba za su ba ki abin da kara yake ba ki ba. In duk ba ki samu ba, ki juya tsarin: fenti da farko, ya bushe ƙayau, tawadar allo a ƙarshe, daga nan ruwa ba zai sake zuwa wurin ba. Kowace kika samu, ki ja layi a guntun takarda, ki ba shi awa ɗaya, ki bi ta kansa da jiƙaƙƙen buroshi kafin ki amince mata.

Duba mini jikin fakitin takardarki, giram nawa aka rubuta? Shi ke nuna kaurin takardar.

Ƴar Tawa mai koyon zane:

Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Ta kamfanin Canson ce, ta ƴan makaranta, an rubuta 180 g. Guda bakwai suka rage.

Malamin zane, Yamai:

To ga dalilin tudu da kwari nan. Takarda in ta sha ruwa buɗewa take yi, inda ya fi jiƙa ya fi buɗewa, sai ta kumbura. Wadda aka yi don akwarel yawanci 300 g ce. Canson ɗin ma suna da ita, ana kiranta Montval. Akwai Arches, ita zallar auduga ce, tana riƙe ruwa ta daɗe, sai dai kuɗinta da zafi. Ki sa a duba miki Montval a manyan kantunan littattafai na Yamai, in kina da mai tahowa. In babu, 180 g ɗin ma za ta yi idan aka ɗaure ta. Mai fentin alluna na kasuwar Katako, nan Yamai, ya fi ni hannu a wannan, bari ya shigo.

Mai fentin alluna, Katako:

Sannu ƙanwa. Ni aikina allunan shaguna ne da jikin motoci, amma akwarel da shi nake hutawa, kuma hunturu ya koya mini hankali a kansa. Littattafan koyon wannan aiki yawanci a Turai aka rubuta su, inda iska ke da laima. Za ki ga an ce a jiƙa takarda a ɗan jira. Mu nan a Disamba da Janairu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Wanki ma kafin ki shanya na ƙarshe na farko ya sha iska, ina ga ɗan ruwan da ke kan takarda?

Da asuba nake zama, bayan salla kafin rana ta ɗaga, cikin ɗaki, taga a rufe, ba fanka. Kalar sama nakan dama ta a murfin kwano tun ban taɓa takarda ba, kuma in dama fiye da abin da nake zaton zan buƙata, don wanda ya tsaya damu a tsakiyar aiki ya riga ya yi asarar takardarsa. Sai in jiƙa bayan takardar da soso, in kwantar da ita a kan gilashi ko farantin roba mai santsi, sannan in jiƙa gabanta. Ruwan bayan nan shi ke ƙara miki lokaci, kuma muddin tana jiƙe a manne take. Ki jingina ta ta ɗan karkata, ki ɗauki babba cikin buroshin nan uku, ki ja daga gefe zuwa gefe tun daga sama. Za ki ga ruwan kala ya taru a ƙasan layin kamar ƙwalla a gefen ido. Shi za ki ɗauko da layi na biyu, ki yi ta gangarowa da shi har ƙasa. Kada ki koma baya. Tabon kabejin da kika gani, ruwa ne kika kai wurin da ya fara bushewa, ya ture kalar gefe. In kin hangi kuskure ki danne zuciyarki ki bar shi ya bushe tukuna.

Ɗaurin takarda kuwa ga shi. Ki tsoma ta a baho mai ruwa mai tsabta kamar minti huɗu, ki ɗaga ta tsane, ki shimfiɗa a kan allon katako, ki manne gefunanta huɗu. Sikoc, wato salatif, ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda, kada ki wahalar da kanki. Ni takardar buhun siminti nake yankawa falle-falle, faɗin yatsa uku, in shafa mata ƙaro mai kauri, rabi a kan takarda rabi a kan katako. Ki bar ta a kwance a inuwa. Da ta bushe za ta miƙe tamau kamar fatar ganga, ko kin sake jiƙa ta ta kumbura, za ta koma daidai.

Ɗigon zuma ɗaya a cikin ruwan damu yana rage saurin bushewa. Kamfanin Sennelier na Faransa ma da zuma yake haɗa nasa akwarel. Ɗigo ɗaya na ce, in ya wuce haka zanen zai yi danƙo ya kira ƙura da tururuwa. Kuma duk lokacin da kika tashi, ki kifa kwali a kai.

Baba mai rubutun allo, Tawa:

Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Malamin Yamai ya faɗi daidai. Mu da munka tashi cikin tawada mun san ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta allo, wadda kinka ɗiba. Akwai ta takarda, da bagaruwa ake yin ta. A jiƙa ƴaƴan bagaruwa, a jefa kashin maƙera ko tsohon ƙarfe a ciki, a bar shi kwanaki, a tace, a sa ƙaro kaɗan. Sa'ad da kinka rubuta ba ta da baƙi ƙwarai, sai ta sha iska take ƙara duhu, kuma tana kama jikin takarda yadda ruwa ba shi ɗauke ta duka. Dukawa ma da bagaruwa da ƙarfe suke baƙanta fata.

Amma in gaya miki aibinta. In ƙarfen ya yi yawa tana cin takarda. Na ga tsofaffin littattafai da rubutun ya huda shafi kamar gara ta bi shi. Abin da za a rataya shekaru, ki saya mishi ta kanti. Ta allo kuwa kada ki raina ta, akwai wurin da za ta yi miki rana.

Ɗalibi a Kebek:

Ƴar uwa, ni ba mai zane ba ne sosai, amma ina zaune a jihar da yayanki yake, bari in faɗi abin da idona ya gani. Dusar ƙanƙara ba fara fat take ba. In akwai rana, inuwar da ke kanta shuɗiya ce. In gari ya lumshe, komai toka-toka ne har ba ka rabe ƙasa da sama. Ta gefen titi kuwa baƙa ce ƙirin saboda motoci. Hoton da kika samu a waya irin na katin gaisuwa ne.

Ga abin da ya sa na shigo. Mutumin nan wata huɗu ko fi in ya leƙa taga ƙanƙara yake gani. A Disamba kafin huɗu da rabi na yamma rana ta faɗi, sanyi yakan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, ka fita gashin hancinka ya daskare. Ban san zuciyarsa ba, amma na san tawa. In aka ce mini lokacin sanyi, ba nan nake tunawa ba. Ina tuna safiyar da ake ganin rana fara kamar faranti, ka kalle ta ido da ido ba ta kashe maka ido ba. Ina tuna ƙamshin wutar kara, da man kaɗe da innarmu ke shafa mana a ƙafa saboda faso, da yadda ake rigima a kan wa zai fara wanka. Ki tambaye shi wane sanyi yake nufi kafin ki ƙarar da takardunki.

Mai zanen tufafi, Yamai:

Ɗan uwa na Kebek, na ji maganarka kuma ta taɓa ni, amma yarinya ta yi tambaya a kan ƙanƙara, a ba ta amsa. Ko ba don wannan zanen ba ilimin zai yi mata amfani, kuma ba laifi ba ne Bahaushiya ta zana abin da ba ta taɓa takawa ba.

Ƙanwata, a akwarel fari ba shafa shi ake yi ba, barin sa ake yi. Takardar ita ce farin. Inda ƙanƙara take ki bar wurin ba ki taɓa ba, ki zana inuwarta kawai da shuɗi mai ruwa sosai, ki duhunta abin da ke kewaye, sai farin ya tashi da kansa. Farin cikin akwatin nan don rage ƙarfin wata kala ne, shi ya sa ya ba ki alli.

Don ƙananan wurare, kamar saman reshe, ki goga kyandir fari kafin fenti, ruwa zai tsallake wurin. Sai dai abin da kyandir ya taɓa ya taɓu ke nan, ko tawada ba za ta zauna a kai ba. Akwai wani ruwan roba da ake sayarwa don rufe fari, a shafa, a yi fenti, a murje shi da yatsa. A zafinmu kada ya wuce kwana ɗaya ko biyu a kan takarda, kuma kada ya ga rana, in ba haka ba ya manne ya taso da fatar takardar. Yana kashe buroshi, ki shafa da tsinke.

Gishiri kuma yana ba da ɗigo-ɗigo kamar taurari. Ki barbaɗa kaɗan lokacin da ƙyallin ruwan ya fara dushewa, kowace ƙwaya za ta janye ruwa ta bar fari a kewayenta. A wannan iska tsakanin "bai yi ba" da "ya wuce" numfashi biyu ne, ki riƙe gishirin a hannun hagu. Farin gishiri na kanti za ki sa, kada ki sa na Balma, yana da ƙasa a jikinsa. In ya bushe ki kakkaɓe shi tas, wanda ya rage zai jawo laima da damina.

Ƴar Tawa mai koyon zane:

Na gode Yaya, na rubuta duka a littafina. Kuma na bi shawarar ɗan uwanmu na Kebek, na aika wa yayana saƙon murya. Ya yi shiru kwana ɗaya, sannan ya amsa. Ya ce shi bai taɓa kawo ƙanƙara a ransa ba. Abin da yake so shi ne bakin lungunmu da sassafe, inda mai shayi ke kafa teburinsa jikin katanga, da wutar makarantar allo da yara ke kewayewa. Har ya tambaye ni ko bishiyar da ke bayan masallaci tana nan. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Yau da asuba na fita na tsaya na duba da kyau. Yanzu matsalata ta sauya: yaya ake zana hazo? Kuma yaya mai kallo zai ji ɗari a zanen da duk kalarsa ta ƙasa ce da wuta?

Malamin zane, Yamai:

Madalla. Yanzu kin zo inda akwarel ya fi kowane fenti iyawa.

Hazon hunturu ba tururin ruwa ba ne irin na ƙasashen sanyi. Ƙura ce iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, busasshen gindin tsohon tafki. Shi ya sa launinsa fari-fari ne mai ɗan rawaya. In kika yi shi da baƙi da ruwa zai fito kamar hadari, yayanki zai ga damina.

Kala uku za ki ware a akwatin: rawaya mai kama da ƙasa, ja mai kama da jar ƙasar gini, da shuɗi mai launin bular wanki, wanda akan rubuta wa PB29. Sun ishe ki zanen gaba ɗaya, in ban da wuta. Shuɗin da jar ƙasar in suka haɗu suna ba da toka mai kyau, ki ƙara shuɗi ta yi sanyi, ki ƙara ja ta yi ɗumi.

Shafin farko, ki bi takardar duka da rawayar ƙasa mai ruwa ƙwarai, kamar shayin da aka tafasa karo na uku. Tun tana jiƙe ki naɗe kuɗin dala ashirin a cikin tsumma mai laushi, ki danna inda kike son rana, ki ɗaga. Ga farar ranarki nan, ba kaifi a gefenta. Ki tuna akwarel in ya bushe yana rage duhu, kada ki tsorata da yadda yake a jiƙe.

Daga nan ki raba abin da kike gani gida uku. Na nesa, kamar hasumiyar masallaci da bishiyar nan, toka mai ruwa kawai, a kan takarda mai ɗan laima don gefensu ya narke, kuma ƙasansu ya fi samansu ɓacewa. Na tsakiya, katanga da ƙofofi, ki ɗan ƙara kala a kan busasshiyar takarda. Na kusa su ne masu duhu. Tawada a nan kaɗai za ta shiga: mai shayi, buta, ƙafar tebur, yaran da ke gaba. Wannan shi ne wurin da masu koyo suka fi faɗuwa. Hannu yana son ya zagaye komai da baƙin layi, amma da kin sa layi a abin da ke nesa kin kore hazon, domin hazo shi ne abin da ya hana ido ganin gefe. Ni a Janairu nakan tsaya a Gadar Kennedy, lokacin kogi cike yake da ruwan da ya taho tun daga Gine. Kwalekwalen da ke ƙarƙashina ina ganin har igiyarsa, amma ƙetaren kogi inuwa ce kawai ba baki ba gefe. Haka nake so takardarki ta kasance.

Wuta: tsakiyarta farar takarda, sai rawaya, sai ja-ja a gefe. Ba za ta haska ba sai kin duhunta abin da ke kusa da ita, wato bayan yaran da ke tsakaninki da ita. Tartsatsi kuma, in komai ya bushe ki ɗan karce da bakin reza.

Ɗari kuwa ba a kala yake ba sosai, a jikin mutane yake. Dubi yadda suke tsugunawa, kafaɗa ta hau wuya, tafin hannu a buɗe wajen wuta, wani ya cusa hannuwansa a hammata, mai shayi ya naɗe rawani har hanci. Tururin da ke tashi daga kofi, akuya ta lafe jikin katanga. In kin sa shuɗi-shuɗi a inuwar bargunansu ta gefen da wuta ba ta kai ba, mai kallo zai ji a jikinsa.

Ɗan Galmi:

Ƴar uwa, wace bishiya ce bayan masallacin? Ina tambaya don na sha ganin zanen hunturu da anka yi wa kowane icce tsirara, an kwaikwayo na Turai. Mu nan ba haka abin yake ba. Kuka ce ke zubar da ganye ta tsaya da rassa. Gawo kuwa akasin haka, da damina yake kaɗe ganye, yanzu da ɗari shina da ganye shar, awaki na ƙarƙashi suna jiran ƴaƴansa. Kuma lokacin ga ne lambuna ke kore, albasa da kabeji da salati. In akwai rumbu a wurin ki sa shi, irin namu na Adar na laka mai ƙaton ciki, ko cikin hazo ɗan ƙasar nan ya hange shi ya san gida ne.

Hajiya mai lalle, Yamai:

Ɗiyata, tunda launin shayi Malam ya ce, me zai hana ki shafa shayin kansa? Ni na taɓa yi wa jikata da shi, ya yi kyau ƙwarai. Zoɓo ma yana ba da ja.

Mai fentin alluna, Katako:

Hajiya, gaskiyarki, a ranar yana da kyau. Sai dai shayi da zoɓo rini ne na tsiro, haske yana cinye su, zoɓon ma yakan juya toka-toka da ya bushe. Na littafin gwaji ne. Rawayar ƙasa da jar ƙasa kuwa daga ƙarfen cikin ƙasa launinsu yake, suna cikin kalolin da suka fi jure rana. Tunda rataya shi za a yi, gara ta tsaya a kansu.

Baba mai rubutun allo, Tawa:

Ɗiyata, ga ranar da na ce miki. Hayaƙin wutar yaran nan, ki yi shi da tawadar allo. Ki ja siririn layi daga bakin wuta, tun bai bushe ba ki bi gefe ɗaya da ruwa zalla, ki bar shi ya bazu yadda ya so. Da hayaƙi anka yi ta, ta san hanyarta. Sai dai ki bar shi ya zama aikin ƙarshe. Allunan da ke hannun yara kuma kada ki rubuta aya a kansu, ɗigo-ɗigo ya isa, don ba ki san inda takarda za ta faɗa ba wata rana.

Ƴar Tawa mai koyon zane:

Assalamu alaikum. Kwana tara ke nan, na dawo da labari. Ban samu 300 g ba, na ɗaure tawa da takardar siminti da ƙaro yadda Yaya na Katako ya ce. Ta farko ta ɓalle ta gefe ɗaya don ƙaron ya yi ruwa, ta biyu ta kama. Tawadar Sin na same ta a nan Tawa, ƙaramar kwalba, na gwada ta ta tsaya.

Bishiyar gawo ce, ɗan uwa na Galmi, kuma da ba ka yi magana ba da na yi ta tsirara. Na sa mata kore mai toka, ta tsaya can baya kamar ana tuna ta. Rana ta fito a gwaji na biyu, a na farko na makara takardar ta sha iska. Yara biyar na yi, duk ta baya, lulluɓe da zane da tsohon bargo, ƙaramin cikinsu ya jawo rigarsa ya rufe gwiwoyi. Mai shayi yana gefe, hannunsa a sama yana tsiyaya daga kofi zuwa kofi. Hayaƙin Baba shi ne abin da ya fi kyau a takardar, ya karkata yamma yadda iska ke kai shi. Kuskure ɗaya na yi, na sa layin tawada a saman katangar nesa, ta matso gaba fiye da yadda nake so. Na bar ta haka, na ji tsoron taɓawa. Da innarmu ta gani ta daɗe tana kallo, sannan ta kira sunan mai shayin.

Saura tambaya ɗaya. Yaya zan cire shi daga katako, kuma in naɗe shi ne ko yaya, tunda cikin jaka zai yi tafiya?

Malamin zane, Yamai:

Barka ƙanwata, Allah ya sa albarka. Katangar nan kin yi daidai da kika bar ta.

Ki tabbata ya kwana ya bushe, sannan ki ɗora rula ki yanke da reza ta cikin takardar simintin. Ki sa hannu da shekara da fensir a ƙasa. Kada ki naɗe shi. Ki rufe fuskarsa da farar takarda mai tsabta, ba jarida ba, ki sa shi tsakanin kwali biyu masu tauri da suka ɗan fi shi girma, ki manne gefuna, sannan ki zura a leda saboda hayaƙin nan na tawadar allo ko ɗigon ruwa ɗaya zai motsa shi. Abokin ya kwantar da shi a tsakiyar akwati tsakanin tufafi. Ki gaya wa yayanki in zai sa shi a firam ya sa gilashi, a yi masa kewayen kwali don kada zanen ya taɓa gilashin, kuma ya rataya shi a bangon da rana ba ta bugu, nesa da na'urar ɗumama ɗaki.

Ki ɗauki hotonsa a inuwa da hantsi kafin ki rufe kwalin, ki turo mana mu gani.